Awon Kafaɗa

Wani injiniya ya tsaya a shagon ɗinkin wadda yake so yana kwatanta ƙananan ƙasashe biyun da suka ba shi aiki, maganar aure kuwa ta maƙale masa.

"Ta bakin teku albashinta da tsoka, amma sai dare ake tashi. Ta kan duwatsu da la'asar kowa yana gida, sai dai sanyi. Wacce kika gani?"

Ta auna kafaɗarsa, ta jawo yadi mai kauri.

"Ai ya yi mini yawa," ya ce yana kallonta.

"Na mutum biyu ne." Ta sa almakashi. "Ba zan auri mijin da sai dare zan gan shi ba. Ka turo manyanka."