Jar Motar Yuba

Ranar da Mishari ya kwance ƙofar fasinja ya jingine ta da bango, wansa Mutlak na tsaye da kofin shayi a hannu, fuska a murtuke.

"Ita kuma mene ne laifinta?"

"Sai an tokare ta da gwiwa take buɗewa. Sabuwa na hanya daga Amurka."

"To, kada ta tare maka wuri. Bari in kwashe maka."

Daga nan aka fara. Motar ta mahaifinsu ce, Yuba, Allah ya jiƙan rai. Doj Caja ce ƙirar 1969, ja wur, wadda in ta yi gurnani a unguwar Salmiya sai mutanen unguwar Hawalli sun leƙo ta taga. Da aka zo rabon gado ƙuri'a ta faɗa kan Mishari, shi kuwa ya miƙe a tsakiyar diwaniya, wato zauren baƙi, gaban abokai da surukai, ya rantse sai ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani.

Mishari fa irin mutanen nan ne da ke hango ƙura a kan madubi tun daga ƙofar gida. Kujera na da wata 'yar ƙuna kamar kwabo, ya yi waje da ita. Sitiyari ya koɗe inda hannu ke kamawa, ya yi waje da shi. Injin na tari kafin ya tashi, shi ma ya bi sahu. Da ya leƙa ƙasa ya ga tsatsa, tunda iskar teku ba ta san mota mai daraja ba, sai gogan naka ya yi odar bodi sukutum. Ya ɓamɓare ɗan ƙarfen nan mai ɗauke da lambar mota daga tsohon, ya kafa a sabon.

"Mishari, anya wannan ba ha'inci ba ne?" in ji Mutlak.

"Lamba ita ce mota, Yaya. Sauran duk tufafi ne."

Kowace Alhamis Mutlak zai zo da akori-kura ya kwashi tarkace. Abin dariyar, cikin bargo yake naɗe su. Wani lokacin har ya tsuguna yana lalube a ƙasa.

"Notocin nan huɗu ne, uku na gani."

"Kai, Yaya! Ka yi ritaya daga aikin mai ka koma ɗan gwangwan?"

Mutlak sai ya ci gaba da lalubensa. Mutumin da ke barin motar hawansa a rana tsakiyar zafin Agusta, alhali ga gareji a gidansa ya datse da kwaɗo, ai ba ka tsayawa musu da shi. Mishari ya yanke cewa tsufa ne ya fara ƙwanƙwasa wa wansa ƙofa.

Aiki ya ci shekara tara. A tsakanin nan idon Yumma, mahaifiyarsu, ya tafi, ƙafa ta yi nauyi. Buri ɗaya ya rage mata a duniya: ta sake shiga motar mijinta a zaga da ita titin bakin teku.

"Ɗana, ka yi sauri," ta ce da shi wata rana. "Ni ba injin ba ce da za ka yi odar wani."

Maganar nan ta tsorata shi ƙwarai. Cikin wata biyu ya kammala.

Wata Juma'a ce ta watan Janairu, an tashi daga kan tiren shinkafar majbus, dangi suka yi cirko-cirko a ƙofar gida. Mota na sheƙi har ka ga haƙoranka a bonet. Mishari ya riƙo hannun Yumma, ƙirjinsa ya cika fam da alfahari.

Ta kama mariƙi, ta ɗaga gwiwa za ta tokara. Ƙofa ta buɗe sulum, saura kaɗan tsohuwa ta kifa. Ta zauna. Ta shiga shafa kujera, nan da can, kamar mai neman allura. Ta ja numfashi ta hanci.

"Kunna."

Murɗawa ɗaya injin ya ɗauka, ko gyaran murya babu.

"Fitar da ni. Motar wa kuka aro?"

"Yumma, wallahi motar Yuba ce! Kawo hannunki, ga lambar, taɓa ki ji!"

"Lamba na aura? Ina ƙunar da garwashin turarena ya yi ranar da aka kai ni gidansa? Shekara arba'in yana yi mini gori a kanta, bai taɓa yarda an ɗinke ba."

Mishari ya sulale ya zauna a bakin titi da farar rigarsa, bai ko kakkaɓe wurin ba. Hawaye suka zubo masa a gaban 'ya'yansa.

"Na zubar, Yumma. Duka na zubar."

Mutlak ya shanye sauran shayinsa a tsanake, ya ajiye kofin a kan bonet ɗin nan mai sheƙi. Ya zaro filaya daga aljihu ya sunkuya cikin motar.

"Kai kuma me za ka yi, Yaya?"

"Ɗan ƙarfen nan zan cire. Share hawaye ka riƙo Yumma mu je gidana. Shi kaɗai ya rage in mayar wa motar Yuba, tana can gareji tun jiya tana tari."