Farin Harshen Zubairu

Wata takwas da auren Mardiya, Larai ba ta taɓa ganin surukinta Zubairu ya kai loma baki ba. In ya zo Kurfi gaisuwa, kai a ƙasa, hannu a kan baki. Ta ɗauka kunyar surukai ce, har yabonsa take a gidajen suna. Ai aminin ɗanta Lawal ne tun suna yara, Lawal ɗin ma shi ya tsaya aka yi auren.

Ranar nan Mardiya ta zo da cikinta na wata huɗu, ta ja uwarta ɗaki.

"Inna, ba fa kunya ba ce. Harshensa fari fat, kamar an shafa kindirmo. In ya kankare sai jini. Ko kunu da ƙyar yake wucewa."

Larai ta aika da jar kanwa da lemun tsami. Sati uku abu sai gaba yake, har gefen bakin ya tsattsage. Ta ce sai asibitin Dutsin-Ma, inda aka yi masa gwajin jini kafin aure. Lawal ya ce hanya ba kyau, ga asibiti nan kusa. Ta ce ya tada kekensa mai ƙafa uku ko ta hau na wani.

Ya kai su, ya ce zai jira a waje.

Malama Hafiza, ma'aikaciyar, ta haska bakin Zubairu. Ta ce irin wannan farin yakan fito in garkuwar jiki ta yi ƙasa. Aka gwada mata da miji. Ƙanjamau, su duka biyun. Ta ce akwai magani, in Mardiya ta riƙe shi da kyau jaririn zai iya tsira. Zubairu ko ɗagowa bai yi ba.

Larai, Allah sarki, ta zaro tsohuwar takardar gwajin, da ma ta taho da ita.

"Ƙarya ne, 'yar nan! Ga hatiminku. Lafiya lau kuka rubuta kafin in ba da 'yata."

Hafiza ta duba.

"Rubutuna ne, Inna. Na tuna angon, ya yi ta ba mu dariya don tsoron allura. Amma ba wannan ba ne."

Ta ɗaga labulen taga.

"Zubairun da na ɗebi jininsa ga shi can zaune a keke, mai kama da ke ɗin nan."