Ranar da Liman Ya Gwada Rijiya

Yaya mutum zai yi murna da takardar da ta rage masa aiki? Ban san amsa ba. Na dai san da gudu na iso masallaci yau, takalmi ɗaya a hannu, ina dariya.

Ni ne mai buɗe bututun ƙazamin ruwa a injin shinkafar garinmu. Shekara uku ruwan yana kwanciya a kududdufi, ƙasa tana shanyewa, har rijiyar masallaci ta fara wari. Liman ya ce ruwan da ya sauya wari ba ya alwala. Tun daga nan a jarka ake kawo masa nasa daga Bunkure.

Bara hukuma ta aiko da takarda, ta taƙaita mana izinin zubar da ruwan, ta ce sai an tace shi. Aka rage mana ranakun aiki. Damina ta zo ta wuce.

Yau ladan ya ja guga, ya kurma ihu cewa warin ya tafi. Gari ya taru.

Na ce, "Malam, don Allah a gwada mana!"

"Kai da ka ɓata ta, kai ne mai gaggawa?" in ji Liman. Kowa ya fashe da dariya, tawa ta fi ƙarfi.

Ya duba ruwan a hasken rana, ya shinshina. Ya kurɓa, ya daɗe yana juya shi a baki, mu kuwa kamar mu tashi sama.

Ya naɗe hannun riga, ya tsuguna gaban gugan, ya yi bismilla.