Wanda Ya Rufa wa Muryarta Asiri

Sai da mawaƙiyar ta kori mai kaɗa mata fiyano ta ɗauko sabo, sannan muryarta ta tsinke a gaban jama'a. Washegari ta tarar da tsohon makaɗin nata a ɗakin gwaji yana tattara takardunsa. Ta kasa haɗa ido da shi.

"Ashe sassauto min da kiɗan kake yi. Tun yaushe?"

"Shekara uku, tun da muryarki ta fara gajiya."

"Ni kuma na ce hannunka ya mutu, har na mayar maka da zobenka na baiko." Ta sunkuyar da kai. "Me ya hana ka faɗa min?"

Ya buɗe fiyanon.

"Ai da kin daina waƙa. Zo ki tsaya inda kika saba."