Filtar Bola

Na rantse da Allah ba za ku yarda da wannan labari ba, amma duk garejin shaida ne.

Da hantsin ranar Ƙwaro ya shigo da tirelarsa, yana taka totur a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Jar fitilar mai ta kwana uku tana ƙifta masa ido, shi kuwa ya liƙe ta da baƙin salatif. Fitilar ta yi shiru, amma injin bai yi ba. Can ƙasa wani abu yana ƙwas-ƙwas.

Ƙwaro direba ne, ya shekara goma sha ɗaya yana aiki a wurin Maigida. A aji huɗu ya bar makaranta, bayan ya saka wa malamin lissafi kwaɗo a aljihu, kuma har gobe yana cewa makarantar ce ta yi asara.

Dokar garejin ɗaya ce: kowane kilomita dubu goma a juye baƙin mai. In tafiya ta yi nisa, sai a ba direba jarka biyu na mai da sabuwar filta, wato matatar mai, ya canja a hanya, ya dawo wa Baba Makaniki da tsohuwar filta shaida.

Ƙwaro ya ga wannan ɓata rana ne. Sai ya tsaya a bolar wani makanikin bakin titi ya tsinci tsohuwar filta, man kuwa ya raba wa direbobi kyauta suna yi masa kirari. Sau biyar yana haka.

"Motar mai kuɗi ce," in ji shi. "In ta mutu ya sayi wata."

Motar kuwa 'yar gata ce. Ita ake fara sa wa sababbin tayoyi, ita kaɗai ba a rubuta sunan Maigida a ƙofarta ba, kuma tun da aka kawo ta shekara biyu ba a bar kowa ya hau kujerarta ba sai shi.

To ranar, yana kashe inji ya ga abin da bai taɓa gani ba. An share garejin, an jera kujeru, direbobi duk sun hallara. Maigida na zaune da babbar riga, da ambulan a cinyarsa.

Takardar kora, in ji zuciyar Ƙwaro. Wani ya kai tsegumi.

Ya sauko yana murmushin dole, ya miƙa wa Baba filta. Tsohon ya juya ta, ya shinshina, ya ga ba ta kai girman ta tirela ba.

"Ɗana, wannan a jikin motar nan ka kwance ta?"

"Haba Baba! Da hannun nan nawa."

"Ikon Allah. Ta rame a hanya ke nan."

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

"A duba min motar nan ciki da waje," in ji Maigida. "Yau ba na son ko ƙusa ta zama da matsala."

Baba ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi da sifana da daro. Gumi ya tsattsafo wa Ƙwaro har cikin takalmi. Aka kwance noti. Kowa ya kasa kunne ya ji zubar mai. Shiru. Can sai wani abu ya faɗo, ɗis, ɗis, mai kauri kamar kwalta.

Baba ya fito, ya murza shi a yatsa, ya ɗaga wa rana. Garin ƙarfe yana ƙyalli a ciki.

"Injin nan ya ci kansa, ranka ya daɗe. Ba zai ga wata Juma'a ba."

Ƙwaro ya zube a ƙasa, ya miƙa mukulli da hannu biyu.

"Na yi kuskure, Maigida. Ga mukullin motarka. Duk hukuncin da ka yanke, na ɗauka."

Maigida bai karɓa ba. Sai ya ajiye masa ambulan ɗin a kan tafin hannu, bisa mukullin.

"Motata? Ni ba ni da mota a nan. Da sunanka aka yi takardunta tun ranar da aka sayo ta, yau muka taru in sallame ka da ita. Tashi ka tura kayanka waje."