Jar Waya

"Injiniya, yau ko ka gyara, ko na kira wani," in ji babbar likita, ta ture kofin gahawarsa gefe. "Ga tsoho can kwance, hoton ƙirjinsa ya ƙi buɗuwa. Sai ya cika tukuna?"

Bai ɗago kai ba. Wayoyi biyu ne a bayan kwamfutar da ke ajiye hotunan wannan asibiti na birnin Halab a ƙasar Siriya. Shuɗiyar tana zagaya ginin da suke ciki. Jar kuwa ta ratsa tsakar gida zuwa sashen haihuwa, wanda bam ya mayar tsibin ƙasa wata biyu da suka wuce. Duk kwamfutar da ta kira wannan ma'ajiyar hotuna da sunanta, adireshi biyu ake ba ta. Sai ta fara ƙwanƙwasa na jar wayar, ta yi ta jira har ta gaji.

Layi ɗaya tak zai goge, mai ɗauke da adireshin jar wayar. Tun ranar farko ya sani.

Likitar ta dubi wayar, ta dube shi, muryarta ta yi ƙasa. "Ɗana, da hannuna na yi wa gawar matarka wanka. Babu mai amsawa a can."

Ya goge layin. Nan take hoton ya buɗe, ma'aikata suka ɗauki hamdala, likitar ta fita da gudu.

Ya zauna ya ƙura wa allon ido. Wata biyu cur kwamfutocin asibitin nan suna taya shi jiranta. Yanzu saura shi kaɗai.