Tambayoyin Maigida

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi karo na uku a kasuwar Djougou, mijinta ya bar huhun goronsa, ya sa ta a mota sai Parakou. Shekara biyu ke nan da samun 'yancin kai.

Likita ya yi wa mijin bayani da Faransanci, shi kuma ya fassara mata: jininta ne ke sauka in ta miƙe. An ce ta sha ruwa da yawa, ta ƙara gishiri, ta naɗe ƙafafunta.

Ta bi duka, amma ta ƙi a ɗauke ta majinyaciya.

Sai maigidan, mutum marar magana, ya koma sarkin surutu. Da ta tashi zaune daga kwanciya, sai tambaya. Nawa ake sayar da doya a Partago? Wa ya yi mata kitso?

Wata safiya ta gaji. "Malam, lafiyarka kuwa?"

Ya sunkuyar da kai. "Likita ya ce ki zauna minti biyu kafin ki miƙe. Na san halinki. Wallahi tambayoyina sun kusa ƙarewa."

Ta yi murmushi, ta gyara zama. "To, tambaye ni yadda na fara ganinka."